Kafin ka miƙa wuyanka a murɗa

Shekaranjiya da dare ƙanena ya turo mini wani bidiyo ta WhatsApp. Wani Bature ne sanye da farar riga, ya kwantar da wata mata a kan siririn gado, ya tallafe kanta da hannu biyu, ya ɗan jujjuya shi hagu da dama, sai kawai ya fizge. Ƙas! Matar ta zaro ido, ta fashe da kuka, ta ce ciwon kan da ta shekara goma tana fama da shi ya tafi nan take. A ƙasan bidiyon ƙanen nawa ya rubuta: “Yaya, ga maganin ciwonka. An ce akwai masu yi a Abuja. In ka shirya, ni zan biya.”

Ƙauna ce ta sa ya turo, na sani. Ya sha shigowa gidana ya tarar da ni kwance, an sauke labule, na ɗaure kai tamau da tsohon rawani, ga bokiti a gefen katifa saboda amai. Amma ban yarda in je ba, kuma ina so in faɗi dalilina a nan, domin na ga irin waɗannan bidiyoyin sun cika wayoyin mutane, kuma na san mu masu ciwon ɓarin kai ko dutse aka ce mu haɗiya mu warke, za mu gwada.

Wanda bai taɓa yin wannan ciwo ba yana ɗauka ciwon kai ne irin na gajiya. Nawa da ido yake farawa. Sai in ga wani ƙyalli a gefen ganina, mai lanƙwashe-lanƙwashe, kamar rana ta haske sabon kwanon rufi. In ina karatu, rabin layin sai ya ɓace. Bayan kamar minti ashirin ƙyallin ya wuce, sai dakan ya fara a ɓarin hagu, daidai bayan ido, kamar an kafa turmi a ciki. Ƙamshin turaren wuta da nake so ya koma abin tayar da zuciya. Muryar ’yata ƙarama tana cewa “Baba sannu” ta zama kamar ana buga mini ƙusa. Likitoci suna kiran wannan ciwo maigiren. Kusan mutum ɗaya cikin bakwai a duniya yana fama da shi, mata sun ninka maza kusan sau uku, kuma in ya tashi yakan ɗauki awa 4 zuwa 72. Ku tuna da wannan, maza ’yan uwana, kafin ku ce matarku raki gare ta, ko son jiki ne ya hana ta ɗora tukunya.

Ni ma na gaji da ƙwaya, shi ya sa ba na raina duk mai neman hanyar da babu magani a cikinta. Akwai shekarun da ba na fita sai da sacet ɗin farasitamol a aljihu. Da na ji kaina ya ɗan yi nauyi sai in watsa biyu. Daga baya farasitamol ya daina yi mini, na koma masu haɗin kafeyin (sinadarin nan da ke cikin shayi da goro), na koma shiga kemis ina cewa “a haɗa mini mai ƙarfi”. Har ta kai kullum da ciwon kai nake tashi daga barci. Ranar da na je asibiti, likitar ba ta fara da awon komai ba, tambaya ta yi mini: “Malam, kwana nawa a wata kake shan maganin ciwo?” Na ƙirga, na ji kunyar faɗa. Ta ce mini shi kansa maganin ne ya koma yana haifar da ciwon. Wanda ke shan farasitamol ko ibufurofen kwana 15 ko fiye a wata, ko masu haɗin kafeyin da irin su tiramol kwana 10 ko fiye, har tsawon sama da wata uku, to yana iya faɗawa wannan tarkon. Makonni biyun farko bayan na daina ba zan so maƙiyina ya gan su ba. Bayan nan ne na fara farkawa da asuba kaina wasai.

To ku ga, ban zo don in kare kwalin magani ba. Abin da nake ja da shi shi ne mu gudu daga ƙwaya mu faɗa hannun duk wanda ya iya ɗaukar bidiyo.

Wannan sana'a ta murɗa wuya da danna ƙashin baya sunanta kairofiraktik. Wani mutum ne mai suna Daniel David Palmer ya ƙirƙiro ta a garin Davenport na jihar Iowa a Amurka, a shekarar 1895. Ba likita ba ne. Ya ce ya danna wa wani mai sharar ginin da yake aiki, Harvey Lillard, ƙashin baya, kurumtar da ke damunsa ta tafi. Daga nan ya gina ra'ayin cewa yawancin cututtuka daga gocewar ƙasusuwan baya suke tasowa, in an mayar da su sai lafiya ta dawo. Shekara sama da ɗari da ashirin ke nan, ilimin likitanci bai tabbatar da wannan ra'ayi ba. Ita kuma ƙarar nan ta “ƙas” da ke sa mai kallo ya ji an gyara wani abu, ba ƙashi ba ne ya koma mazauninsa. Iska ce ke kumbura cikin ruwan da ke tsakanin gaɓoɓi, irin dai ƙarar da yatsunka ke yi in ka lanƙwasa su.

Gaskiya ɗaya ce, dole in faɗe ta: akwai masu wannan sana'a da suka yi karatu na shekaru, kuma ga ciwon baya na ƙugu aikinsu yana kawo wa wasu sauƙi. Haka ma ciwon kan da asalinsa daga wuya yake, irin na tela da ya wuni sunkuye a kan keke ko ma'aikacin da ya kafe ido a kwamfuta, tausa da motsa wuya suna iya rage shi. Amma ciwon ɓarin kai ba a ƙashi yake ba, a ƙwaƙwalwa da jijiyoyinta yake. A ƙasar Norway an yi wani gwaji da aka wallafa a 2017, da mutum 104 masu wannan ciwo. Wasu aka yi musu dannan na gaske, wasu aka yi musu na wasa, wato taɓawa kawai a wurin da ba shi da alaƙa da ƙashin baya, ba tare da sun sani ba. Duka ɓangarorin biyu suka ce sun samu sauƙi. Masu binciken da kansu suka ce alama ta nuna sauƙin daga sakankancewar mara lafiya yake zuwa.

Wani zai ce, to in dai an samu sauƙi, ina ruwanka da inda ya fito? Da a ce abin ba shi da haɗari, da na yi shiru. Amma a cikin ƙasusuwan wuya akwai ’yan ramuka, ta nan jijiyoyin jini biyu suke bi su hau su shayar da bayan ƙwaƙwalwa. A can sama, daf da ƙeya, sai sun yi kwana kafin su shiga ƙoƙon kai. Fizgar wuya da ƙarfi tana iya yaga bangon jijiyar daga ciki, jini ya daskare, gudan ya tafi ya toshe hanya, mutum ya samu shanyewar ɓarin jiki. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, kuma masana suna muhawara kan yawansa, domin wani lokacin jijiyar ta riga ta tsage tun kafin mutum ya je, ciwon wuya da na kai da tsagewar ta jawo ne ma suka kai shi wurin mai murɗar. Ni wannan bai kwantar mini da hankali ba, ƙara tsorata ni ya yi, don ke nan mai sabon ciwon wuya da kai shi ne wanda bai kamata a taɓa masa wuya ba sam. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta fitar da sanarwa a 2014 cewa a riƙa sanar da mutane wannan alaƙa kafin a murɗa musu wuya. Wane mai bidiyo ne ya taɓa gaya maka haka?

Kuma abin ya iso gida. Watannin baya na je aski, yaron shagon ya gama, ya shafa mini mai, sai na ji ya kama haɓata da hannu ɗaya, ɗayan a ƙeya. Na riƙe hannunsa na ce, “Ɗan samari, me za ka yi?” Ya ce, “Alhaji, gajiya zan cire maka, a waya na koya.” Da kyakkyawar niyya yake yi, amma bai san akwai jijiya a wurin ba. Don Allah masu aski da masu tausa, ku tsaya a kafaɗa.

Za a tambaye ni batun ƙaho. Ina girmama shi. Ya tabbata a Bukhari daga Ibn Abbas cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an yi masa ƙaho a kai yana cikin harami saboda ciwon ɓarin kai. Wanda zai yi, roƙona gare shi guda ne: sabuwar reza, a buɗe ta a gabansa, kofunan kuma masu tsabta. Ciwon hanta da ƙanjamau ta jini suke bi, aska ɗaya kuwa tana iya zaga unguwa guda. Sai allurar Sinawa, wadda ake soka ’yan siraran allurai a jiki. Ita tana da hujja fiye da murɗa wuya, har hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta yarda a gwada zama goma cikin mako biyar zuwa takwas don rage tashin ciwon. Sai dai a garuruwanmu wa ke da ita, kuma nawa ne?

Abin da ya taimake ni ba ya kyan bidiyo. Littafi ne na ’yan firamare mai shafi arba'in. Likitar ta ce duk ranar da ciwon ya tashi in rubuta ƙarfe nawa na kwanta jiya, me na ci, me na sha, me ya ɓata mini rai. Wata uku ina yi, sai abin ya fito fili kamar an zana mini. Duk daren da na kai ƙarfe ɗaya ina latsa waya, sannan na tashi asuba, washegari ina cikin haɗari. Ranar da na fita ban karya ba na kai azahar, haka. Ranar kasuwa a bazara in na wuni a rana ban sha ruwa sosai ba, haka. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne goro da shayi. Ba cinsu ne ke tayar mini da ciwon ba, rashinsu ne kwatsam. Shi ya sa kwana ukun farko na azumi suke zame mini jarabawa kowace shekara: ga ƙishirwa, ga barci ya rikice, ga jikin da ya saba da kafeyin an yanke masa. Yanzu tun tsakiyar Sha'aban nake rage shayi da goro kaɗan-kaɗan, ba na wasa da sahur, kuma tsakanin buɗa-baki da kwanciya ina shan ruwa a hankali maimakon in ɗura shi lokaci guda.

Na ƙara da tafiya. Bayan sallar asuba ina zagaye unguwa da ɗan sauri, kafin rana ta yi zafi. A Suwidin an yi gwaji a 2011 da mutum 91, aka ga motsa jiki na minti 40 sau uku a mako ya rage tashin ciwon kwatankwacin yadda wani sanannen maganin rigakafi mai suna tofiramet ya rage. Akwai kuma sinadarin bitamin B2 da magnesiyam da wasu likitoci ke ba da shawarar a gwada, amma da su za a yi maganar adadi, musamman ga mai ciki ko mai ciwon ƙoda. Wanda kuma ciwonsa daga wuya ne, ya nemi sashen gashin ƙashi na asibiti. A Kano akwai shi a Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Su za su koya maka motsa wuyan da kanka, ba fizga.

Ciwon bai rabu da ni ba. Yana zuwa, amma daga sau bakwai ko takwas a wata ya koma ɗaya ko biyu, kuma in ya zo ina shan maganin da aka rubuta mini da wuri, in shiga ɗaki mai duhu, in ɗora tsumma mai sanyi a goshi. Waɗanda nasu ya fi nawa yawa, akwai magungunan rigakafi masu araha da likita ke rubutawa, kuma shansu ba gazawa ba ce.

Akwai wani ciwon kan da ba a yi masa ƙaho, ba a yi masa tausa, ba a jira gari ya waye. Ciwon da ya sauko lokaci guda kamar tsawa, irin wanda ba ka taɓa jin mai tsananinsa ba. Ciwon kai da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, musamman daga hunturu zuwa bazara, lokacin sanƙarau. Mu da muka ga annobar 1996 mun san abin da jinkirin kwana ɗaya ke jawowa. Ciwon kai tare da karkacewar baki, ko harshe ya yi nauyi, ko hannu ya mutu. Ciwon kai bayan faɗuwa daga babur, ko da babu jini. Sabon ciwon kai ga wanda ya haura hamsin. Sai wanda ya fi tsaya mini a rai: mace mai tsohon ciki ta ce kanta na sarawa, idonta na ganin dishi-dishi, fuska da hannaye sun kumbura. Wannan alamar hawan jinin masu ciki ce, jijjiga na iya biyo baya. A ɗauke ta zuwa asibiti a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne.

Jiya na kira ƙanen nawa na yi masa godiya. Na ce masa kuɗin motar Abuja ya ajiye, ya sayi na'urar awon hawan jini ya kai wa Hajiya, tunda ita ma kwanan nan tana yawan cewa ƙeyarta na mata nauyi da safe, kuma rabon da a auna ta tun kafin babbar salla. Ya ce ranar Juma'a in an sauko daga masallaci zai biyo mu tafi tare.