Wasa Muka Zo Yi Ko Karatu?

Wallahi na gaji da wasannin kan teburi da suke zuba labari a takarda, wasan kuma babu komai a cikinsa! Ka buɗe kwali, a ce kai matuƙin jirgin ruwa ne, guguwa ta taso, ruwan sha ya ƙare, shafi biyar na surutu, sai a zo wasan: jefa dayis, matsa gida huɗu. Ina guguwar? Ina ƙishirwar? Kati ya ce "tsoro ya kama ka", alhali ba abin da zan rasa, to tsoron me? Kowane kati da rubutu ƙanana kamar ƙwayar yashi, mutum ɗaya yana karantawa, sauran har gemu ya fara fito musu! Ku dubi wasan Pandemic na Matt Leacock, na 2008, inda 'yan wasa ke haɗa kai su yaƙi annoba: gari ya tara alamun cuta uku, ta huɗu na zuwa sai ta fantsama zuwa garuruwan da ke maƙwabtaka, motsi huɗu kacal gare ka in layi ya zo kanka, ɓarkewa ta takwas kowa ya faɗi. Wa ya rubuta maka "hankalinka ya tashi"? Da kansa yake tashi! Tun 1904 Elizabeth Magie, da wasan da ta ƙirƙira, ta sa 'yan wasa suka ɗanɗani zafin kuɗin haya da ƙa'idoji kawai, daga nan Monopoly, wasan sayen filaye da karɓar haya, ya samo tushe. Amma yau a manna hoton dodo a kwali, a cire shi a sa na manomi, wasan bai canza ko kaɗan ba, kuma a ce in sake karanta shafi na shida? Haba!