"Me kike karantawa yanzu?" Tambayar da ta tsaya min a rai a Mancesta

Muna hutun aikin dare ne a asibitin da nake aiki a nan Mancesta, wajen ƙarfe 3, kowa riƙe da kofin shayi ido ya yi jawur. Sai wata dattijuwar Baturiya da muke aiki tare ta zaro wani littafi duk ya sha jiki daga jakarta, ta hau ba mu labari wai marubucin ya kashe mata wanda ta fi so a ciki ita kam ta yi fushi da shi. Kafin kace kwabo zance ya zagaye teburin, wannan tace tarihin yaƙin duniya take karantawa, wani ɗan Indiya yace shi saurara yake yi a mota, har mai shara ta faɗi nata. Sai aka juyo kaina, ke fa me kike karantawa yanzu?

Wallahi bakina nauyi ya yi. Nace babu.

Kuma ƙarya na yi, don a lokacin ma wayata tana aljihu, na yi nisa a wani littafin Hausa da na tura kuɗi aka saka ni a rukunin WhatsApp ɗinsa, daren jiyansa ma da haushin uwar mijin cikin labarin na kwana. Sai wata yarinya ƙarama, na san ba da mugun nufi ba, tace ai ita ta ji wai a Afirka an fi ba da labari da baki, ba a cika karatu ba. Kowa ya gyaɗa kai irin na tausayin nan. Toh wannan gyaɗa kan ne har yau ya ƙi barina.

Bari in fara ba su haƙƙinsu, mutanen nan sun ɗauki littafi da daraja. A tsakiyar gari akwai babban laburare, wani ƙaton gini mai zagaye kamar an kife akushi, tun 1934 aka buɗe shi, kina shiga ba wanda zai tambaye ki ke 'yar gidan wa ce, a yi miki kati kyauta ki kwashi littattafai ki tafi da su gida. Kusa da babbar majami'ar garin kuma akwai wani tsohon laburaren da ake kira Chetham's, tun 1653 yake nan. Dokar ƙasa ce fa, ta 1964, ta wajabta wa hukumomin yankuna su samar wa jama'a laburare. Ki shiga bas da safe ki ga tsoho kansa a sunkuye kan littafi har ya kusa wuce tasharsa. Shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji irin su Oxfam kowanne da ɓangaren littattafai, fam 1 ko 2 kin samu. A wasu ƙauyukan ma tsofaffin jajayen ɗakunan wayar tarho ɗin nan nasu an cire wayar an jera littattafai a ciki, ki ɗauka ki ajiye wani, ba mai gadi ba kwaɗo. Ranar da na fara gani tsayawa na yi ina lissafin awa nawa zai kai a unguwarmu kafin mai ƙosai ta mayar da shi takardar ƙunshi, Allah na tuba. Jariri ma ana haihuwarsa akwai shirin da ke ba shi littafi kyauta. Alhamis ɗin farko ta watan Maris kuma yaran firamare kowa sai ya yi shigar wani da ya karanta a littafi ya tafi makaranta, ni da 'yata mun sha rigima kan wannan.

Duk na yarda. Amma a ce wai mu ba ma karatu? Haba.

Shekara ɗaya kafin a buɗe wancan ginin nasu, a 1933, aka yi gasar rubuta ƙagaggun labarai na Hausa da ofishin fassara na Zariya ya shirya, a 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa. Kafin boko ma ya zo Nana Asma'u tana rubuta waƙoƙi da Hausa da Fulatanci da Larabci, jajinta, wato matan da ta horar, suna yawo ƙauye-ƙauye suna koyar da mata. Kuma wannan tambayar tasu ai mu ma muna da ita, sai dai tamu "ina ka kai?" ce. Yaro a tambaye shi izifinsa nawa, magidanci mai zuwa zaure bayan asuba a ce ya gama Ahalari ya shiga Iziyya ko har ya kai Risala. Bambancin shi ne tamu tambayar awon matsayi ce, wanda ya girme ka ke yi maka ita kai kuma ka amsa kanka a ƙasa. Ba wanda zai ce maka ya ka ji daɗinsa.

Karatun jin daɗin kuwa, shi ne wanda muka iya ɓoyewa. Duk wadda ta tashi a Kano a zamaninmu ta san shagon hayar littafi, ki kai naira 5 ki karɓo na ɗaya, ki cusa shi a cikin littafin lissafi ko ƙarƙashin hijabi, ki dawo washegari a ce miki na biyun yana hannun wata sai ki ji kamar ki yi kuka. In Baba ya kama ki kuwa kin shiga uku, littafin soyayya ai lalata tarbiyya ne a wajensu. A 2007 har ƙona irin waɗannan littattafan aka yi a Kano ƙarƙashin shirin gwamnati na gyaran tarbiyya mai suna A Daidaita Sahu. Ina ganin wannan kunyar ce na ƙunso a akwati na taho da ita har Ingila, mace da 'ya'yanta biyu da takardar shaidar aikin jinya amma a tambaye ta me take karantawa ta ce babu. BBC Hausa tun 2016 take gasar Hikayata ta rubutun mata ana karanta labaransu duniya na ji, ni kuma ina nan ina ɓoye waya kamar wadda ta yi sata.

Daga baya Baturiyar nan ta gayyace ni taron da suke yi duk wata, mata takwas a falon ɗaya daga cikinsu, an zaɓi littafi ɗaya kowa ta sayi nata, an buga tambayoyi a takarda, a fara ƙarfe 7 a tashi ƙarfe 9 daidai. Sun karɓe ni da mutunci ba zan ce komai ba. Amma ina zaune sai na lura rabinsu ba littafin ya kawo su ba, neman wanda za su yi wa magana ne, wata ma ta faɗa da bakinta cewa tun ranar Lahadi ba ta yi hira da kowa ba sai karenta. Su sai sun saka rana a kalanda kafin su samu abin da mu muke samu a tsakar gida muna tsince shinkafa.

A gidanmu littafi ɗaya sai ya bi hannu goma kafin ya koma shago, bangonsa ya cire a ɗinke da zare da allura, a gefen shafi wata ta rubuta "Allah ya isa" da jan biro wata ta amsa mata a ƙasa. Inna ba ta yi boko ba, kuma ita ce kan gaba wajen faɗan mu daina karanta shirme, amma bayan isha'i in Baba ya fita sai ta shimfiɗa tabarma tace wa Yaya, ke ɗauko mana shirmen nan naki mu ji ya aka ƙare da yarinyar nan. Yaya na karantawa da fitilar ƙwai tana canza murya, Inna na tsaki tana cewa wannan miji ba ɗan goyo ba ne, mu ƙanana mun yi lamo kamar muna barci. Shekara 4 ke nan da rasuwar Inna, Allah ya jiƙanta, ban samu zuwa jana'iza ba saboda takarduna ba su fito ba a lokacin. 'Yata kuwa tana cinye littafin Turanci a kwana biyu, amma in na miƙa mata wayata ta karanta min layi ɗaya na Hausa sai ta tsaya a kan ƙ tana tambayata wannan wane irin k ne mai ƙugiya.

Ranar da na taso daga taron nan ina tsaye a tashar bas ruwa na zuba na kira Yaya, ko gaisawa ba mu gama ba nace Yaya me kike karantawa yanzu? Ta yi shiru, tace ke lafiyarki kuwa, ko sanyin ne ya taɓa ki? Nace da gaske nake. Ta yi dariya ta rage murya, da alama maigidan na kusa, tace akwai wani da take bi a waya marubuciyar ta kwana uku ba ta saki ci gaba ba duk 'yan rukunin sun tayar mata da hankali. Ashe wanda nake karantawa ne. Bas biyu suka wuce ni muna zagin uwar mijin nan.