Ranar da Gini ta ce a'a

Bari mu tuna yadda Gini ta samu 'yancinta daga Faransa. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, shugaban gwamnatin Faransa De Gaulle ya ce wa ƙasashen da Faransa ke mulka ko a zauna da Faransa ko kowa tasa ta fisshe shi. Mata 'yan kasuwa da leburori suka bi jagoran Gini Sekou Toure, sama da kashi 90 cikin ɗari suka ce a'a. Faransawa suka fusata, suka kwashe ma'aikata da takardun ofis, har ƙwayayen lantarki suka kwance! Mutanen Gini ko gezau. Kwame Nkrumah na Ghana ya agaza musu da rancen fam miliyan 10. Mu nan Nijar, Djibo Bakary, shugaban jam'iyyar Sawaba, ya yi irin wannan kiran na a ce a'a, aka kayar da shi. Wallahi har yau abin na ci mini rai.