Wata huɗu ne ke ciyar da wata goma sha biyu

Ana yawan zargin masu ƙananan masaukan baƙi da masu yi wa 'yan yawon buɗe ido jagora da rashin himma, wai da zarar kasuwa ta ja baya sai su garƙame ƙofa su tafi hutu. Ban yarda da wannan zargi ba. Da yawansu ba don tara dukiya suka shiga sana'ar ba. Wani so yake ya zauna inda ransa ke so, bakin teku ko gindin dutse, ya zama mai cin gashin kansa, ya samu lokacin iyali. Wannan ba laifi ba ne. Inda nake da ja shi ne mutum ya ɗauka wannan buri zai biya masa haya.

Mu ɗauki misalin masauki mai ɗaki 8. A ce lokacin cunkoso kwana 120 ne, ɗakuna na cika kashi 80 cikin ɗari: sau 768 ke nan aka kama ɗaki na kwana ɗaya. Sauran kwana 245, a ce kashi 15 ne, ya ba da 294. Wato sama da kashi 70 na cinikin shekara yana shigowa ne cikin wata huɗu kacal. Amma haya, bashin banki, inshora, lasisi da albashin mai gadi ba su san an shiga lokacin rashin ciniki ba, duk wata sai sun zo. Abin da ke kayar da mutane shi ne kallon kuɗin watannin cunkoso a matsayin riba. A haɗa duk kuɗin da dole a biya a shekara, har da albashin shi mai wurin, a raba shi a kan wata huɗun nan, a riƙa ware shi a wani asusu daban kafin a taɓa komai.

Karya farashi a lokacin rashin baƙi kuma sau da yawa aikin banza ne. Mutanen ba tsada ce ta hana su zuwa ba: yara sun koma makaranta, ko yanayi ya juya. Ga shi kowane ɗaki da aka buɗe yana cin wanki, wuta, ruwa da karin kumallo, shafukan intanet na kama ɗaki irin su Booking.com kuma su cire kamashonsu, wajen kashi 15. Idan kuɗin ɗakin bai wuce waɗannan ba, gara a bar shi a kulle. Wanda ke son ciniki a wannan lokaci sai ya sauya irin baƙin da yake nema: masu taron bita, ma'aikatan da aka turo aikin wata guda, ko waɗanda suka yi ritaya, da babu ruwansu da hutun makaranta. A kuma lura, bukukuwan da ke bin lissafin wata suna matsowa da kusan kwana 11 duk shekara, don haka jadawalin bara ba zai yi aiki bana ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ma'aikata. Mai wuri yana hutawa da son ransa, mai dafa abinci da mai gyaran ɗaki kuwa hutun dole suke yi, ba albashi. Wanda aka sha wahala wajen koya wa aiki sai ya kama wani wuri, baɗi a sake farawa da sabon hannu a daidai lokacin da ɗakuna suka cika. A faɗa musu ranar rufewa da ta dawowa tun ranar ɗaukar aiki, a kuma riƙe mutum ɗaya ko biyu ko da a kan rabin albashi ne.

Aikin yi ma yana jiran waɗanda aka riƙe, domin gini a rufe lalacewa yake yi. Duk mako a buɗe famfuna ruwa ya gudana, a buɗe tagogi iska ta shiga, a ɗaga katifu don kada danshi ya sa su fumfuna, a tayar da janareta ya yi aiki na ɗan lokaci don kada batiri ya mutu. Gyaran rufi da fenti a gama su aƙalla mako biyu kafin baƙon farko ya iso, warin fenti ba ya fita a kwana ɗaya.