Gonar Alhaji Ce Wai Mars

Ɗan Boko: Alhaji duba nan, hoton duniyar Mars ne, motar NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, mai suna Curiosity ta turo.

Alhaji (wayar ma a juye ya riƙe ta): Wace Mas? Wannan ai gonata ce ta bayan gari. Ga ma dutsen da nake ɗaure akuya.

Ɗan Boko: Ranka ya daɗe tun 2012 motar nan take can a wani ƙaton rami da ake kira Gale, kuma jan nan da ka gani tsatsa ce, ƙarfen da ke cikin ƙurar ne ya yi tsatsa.

Ɗan Gwangwan, wanda tun ɗazu gyangyaɗi yake sai da ya ji an ce ƙarfe: Nawa kilo?

Alhaji: Kai rufe mana baki, ba ta sayarwa ba ce, gado ce.

Ɗan Boko: Motar fa daga nesa take harbin dutse da hasken lesa, wurin ya yi tartsatsi, da kalar tartsatsin ake gane ma'adinin da ke ciki. A 2013 ta huda wani dutse sai ga gari toka-toka har da yumɓu, alamar an taɓa yin ruwa a wurin.

Alhaji: Ka ji ko! An taɓa yin ruwa. Famfon unguwarmu ma an taɓa yi, ka tambayi tsofaffi.

Ɗan Boko: A 2024 kuma ta taka wani dutse ya fashe, sai ga farar wuta zalla, ruwan ɗorawa.

Alhaji: Ta fasa min dutse?! Da izinin wa? Shi ya sa akuyar nan take ta yawo.

Ɗan Boko: Haba Alhaji, can fa in rana za ta faɗi shuɗi-shuɗi ake ganin gefenta.

Alhaji: Yaro ka taɓa zuwa gonata da magariba?

Ɗan Boko: A'a.

Alhaji: To.

Ɗan Boko (ya fara zufa, shayinsa ya huce): Duwatsun wurin har tayoyin motar sun huhhuda!

Mai Shayi: Tayoyi sun huje? A'a to wallahi hanyar nan tamu suka biyo, wadda aka yi bikin buɗewa sau biyu.

Alhaji: Alhamdulillah ga shaida. Kai ɗan makaranta nemo min lambar Nasiru ɗin nan.

Ɗan Boko: NASA, Alhaji.

Alhaji: Ko ma ɗan waye. Shekara sama da goma yana haƙa a gonar mutum ko tiyar gero bai aiko ba.

Ɗan Gwangwan: In motar ta mutu dai ni na fara tayawa.