Hawayen da muke zubar wa dokin fim

Daren Juma'ar da ta wuce, bayan sallar isha'i, yaran gidanmu suka shimfiɗa tabarma a tsakar gida suka kewaye tele. Fim ne na Turawa da aka juya da Faransanci, labarin wani yaro da dokinsa. Ƙananan ba sa jin ko kalma guda, manyan ma sai ɗan abin da suka tsinta a lakwal. Amma da aka zo wurin da uban yaron ya sayar da dokin, aka ja shi da ragama yana waiwaye yana haniniya, sai tsakar gidan ta yi tsit. Ɗiyar ƙanena ta cusa fuska cikin hijabin uwarta. Ɗan yayata mai shekara 12, wanda ya fara ganin kansa namiji, ya ce hayaƙi ne ya shiga masa ido, alhali an kashe murhu tun magariba. Ni ma idona ya cika.

Washegari da hantsi mai ruwa ya tsaya a ƙofar gida da amalanke cike da jarkoki. Jakinsa na da miki a kafaɗa, ƙudaje sun baibaye shi. Yaron nan da ya yi kuka jiya, shi ne na tarar riƙe da kara yana tsokanar mikin, don jakin ya yi tutsu su yi dariya. Abin ya tsaya mini a rai har yau. Shi ya sa na zauna in yi magana da ku, sa'o'ina da ƙannena, musamman ku da kuka fara tara iyali, da ku masu jiran Sallah ta zo ku hau.

Ni ba na cikin masu cewa a hana yara kallon irin waɗannan finafinai. Cikin tarin abin da ke shigo mana gida ta waya da tele, su ne masu dama-dama, kuma na san dalilin da suke kama zuciya. Doki dabba ce da Allah Ya halitta da tsoro. Makaminsa gudu ne. Idanunsa na gefen kai don ya hango abin da ke tafe ta kusan kowace fuska, gyangyaɗi ma a tsaye yake yinsa. To idan dabbar da ta fi ka ƙarfi nesa ba kusa ba, wadda jininta ke ce mata ta gudu, ta sauke kai ta bar yaro ƙarami ya shafa goshinta, amana ce ta ba shi. Amanar nan ce ke sa mu kuka. Doki ba ya magana, don haka ba ya ƙarya, ba ya gori, ba ya kai ƙara. Ku lura da yaron da ake sa wa a fim ɗin: ko maraya ne, ko wanda ubansa ya yi masa nisa alhali suna gida ɗaya, ko yarinyar da ba mai sauraronta. Sai ya tafi barga ya faɗa wa doki abin da ya kasa faɗa wa mutane. Duk uban da ya ga ɗansa ya nutse cikin wannan labari, ya kamata ya tambayi kansa yaushe rabon da yaron ya zauna kusa da shi ya yi magana ba a daka masa tsawa ba.

Masu shirya fim sun san wannan sarai, sana'arsu ce. Su matso da kamara har ka ga kanka cikin ƙwayar idon dokin, su sa kiɗa mai sanyi, su raba masoya, su ja maka rai, sannan su haɗa su daga ƙarshe. A fim ɗin War Horse na 2011, wanda ya ba da labarin dokin da aka kai Yaƙin Duniya na Ɗaya, dawaki 14 ne suka fito a matsayin doki guda. Dokin da ka yi wa kuka ba ya nan, haɗa shi aka yi. Amma dawaki da alfadarai da jakuna kimanin miliyan 8 da suka mutu a yaƙin, tsakanin 1914 da 1918, su ba haɗa su aka yi ba, kuma don a tuna da su aka yi labarin.

Asalin irin wannan labari ma ba don nishaɗi aka fara shi ba. A 1877 wata mata a Ingila, Anna Sewell, ta fitar da littafin Black Beauty, inda doki ke ba da labarin rayuwarsa da bakinsa. Tun tana yarinya ta ji ciwo a ƙafafu, ta rayu tana dogaro da keken doki, ta ga abin da ake yi musu da idonta. A kwance ba lafiya ta rubuta shi, ta rasu a 1878, watanni kaɗan bayan fitarsa. Ba yara ta nufa ba, masu aiki da dawaki ta nufa. A lokacin masu kuɗi na ɗaure kan doki da wata igiya ta tilasta masa ɗaga wuya sama don ado, yana jan kaya yana shan azaba, kuma littafin na cikin abin da ya sa mutane suka fara jin kunyar yin haka. A Amurka ma, a 1939 an jefa doki daga kan dutse zuwa cikin ruwa don a ɗauki fim, dokin ya mutu. Jama'a suka yi ca, daga 1940 aka fara sa masu kula da haƙƙin dabbobi su sa ido a kan yadda ake ɗaukar fim. Su hawayensu ya sauya wani abu. Namu fa, me ya sauya? Kafin gari ya waye ya bushe.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, mu ba baƙin doki ba ne. Maraɗi a bayan doki aka kafa ta. Katsinawan da suka baro birninsu bayan jihadi, su Ɗan Kasawa, da dawaki suka tsaya a bakin Gulbi, da dawaki Ɗan Baskore da Ƙaura Hasau suka yi sunan da ake kira har yau. Gobirawan Tsibiri ma haka. Harshenmu kansa shaida ne. Muna da ingarma, muna da goɗiya, muna da duƙushi, muna da ƙuru. Baƙi akawali ne, ga kili, ga danda, ga bidi, ga hurde. Akwai sarautar Shamaki don barga kawai, akwai Madawaki, akwai zagage masu tafiya gaban sarki. Mutanen da ba su damu da abu ba ba sa yi masa sunaye haka. Yau ka je fada inda samari ke dafa shayi ka tambayi bambancin kilisa da sukuwa, ko ka ce a nuna maka majanyi a jikin sirdi, ka ga nawa za su amsa. Amma sunan dokin fim yana bakinsu. Tsofaffin da suka san waɗannan abubuwa suna nan a Maraɗi, a Tasawa, a Madarunfa, suna zaune a zaure ba mai tambayarsu, kullum kuma raguwa suke.

Kakana, Allah Ya jiƙansa, yana da wani bidi a turke. Ba attajiri ba ne, manomi ne, amma ban taɓa ganin ya sha furar safe ba sai ya ga an zuba wa dokin harawa, an jiƙa masa dusa da kanwa. Wata ƙaramar Sallah, ina saurayi, ya yarda ya ba ni shi in hau. Na ɗaura sirdi cikin gaggawa ban gyara abin da ke ƙarƙashinsa ba, na yini ina sukuwa a gaban 'yan mata, ina zuba masa ƙaimi, ban sauka ba sai la'asar sakaliya. Da na komo, tsohon bai ce mini uffan ba. Ya kwance majanyi da hannunsa, ya ɗaga sirdin, ya kira ni. Bayan dokin ya saluɓe, jini da gumi sun haɗu, jikinsa na rawa. Ya kama hannuna ya ɗora kusa da ciwon ya ce, “Jikana, yini guda yana gaya maka, kai ne ba ka ji.” Ni na riƙa wanke mikin nan da ruwan ɗumi safe da yamma har ya warke, an fi wata guda. Kwanakin farko ko na matso sai ya kwantar da kunnuwa baya ya juya mini. Ranar da ya sake sa hancinsa a tafin hannuna, na fita bayan barga na yi kuka. Na kalli finafinan doki da yawa daga baya, ba wanda ya koya mini abin da wannan watan ya koya mini.

Kuma ba daga Turawa za mu fara jin wannan ba. Allah Ya yi rantsuwa da dawaki masu gudu suna haki a farkon Suratul Adiyat. A Suratun Nahli Ya ambaci dawaki da alfadarai da jakuna tare, Ya ce don mu hau su kuma don ado. Ku lura, jaki na cikin ayar. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce alheri na ƙulle a goshin dawaki har ranar ƙiyama. Ya ga jakin da aka yi wa lalas a fuska, ya la'anci wanda ya yi. Akwai kuma hadisin da ke cikin Abu Dawuda: ya shiga lambun wani mutumin Madina, raƙumi ya gan shi ya yi kuka idanunsa na zubar da hawaye. Ya je ya shafa kansa har ya natsu, ya nemi mai shi, ya ce masa ba zai ji tsoron Allah ba game da wannan dabba da Allah Ya mallaka masa, ga shi ta kawo ƙara cewa yana barinta da yunwa yana wahalar da ita. Wane fim ne ya kai wannan taɓa zuciya? Yaranmu nawa ne suka taɓa jinsa daga bakinmu?

To ku masu hawan Sallah, ku ji ni da kyau. Dokin da ka karɓo haya ba babur ɗin kabu-kabu ba ne da za ka murɗa ka ajiye. Kwalta na cin ƙafarsa, kuma tana da santsi, ka sukwane shi a kanta kai da shi da ɗan mutanen da ke bakin hanya duk kuna cikin hatsari. Linzamin da ka fizga har baki ya yi jini ba gwaninta ba ce, mahayin ƙwarai da ɗan motsin yatsa yake juya doki. Cikinsa ƙarami ne, kaɗan-kaɗan yake ci a kai a kai, kuma Allah bai ba shi ikon yin amai ba, shi ya sa ciwon ciki ke kashe shi. Kada ka bar shi yini ba ci sannan ka tula masa hatsi lokaci guda. Ruwan da yake sha a yini yakan kai lita 30 ko fiye, balle a zafin Afrilu da Mayu. In ka sauka, sassauta majanyi, ka zagaya da shi a hankali har numfashinsa ya daidaita, ka duba bayansa da hannunka kafin ka mayar wa mai shi. In kuɗin haya kawai kake da shi, ba ka da wannan haƙuri, gara ka tsaya cikin 'yan kallo.

Jaki kuwa ba shi da mai yi masa fim. Shi ke kawo mana ruwa, shi ke ɗauko yashi daga Gulbi, shi ke kai taki gona ya komo da kara, sakamakonsa sanda. Sai da fataucin fatarsa ya fara cinye shi, har gwamnati ta hana fitar da jakuna daga Nijar a 2016, sannan wasu suka tuna yana da daraja. Mai amalanke talaka ne, na sani, ciyarwar gidansa na bayan wannan dabba, ba kuma kowa ke da kuɗin magani ba. Amma tsumma mai laushi a ƙarƙashin igiya ba ya cin ko dala, rage jarka biyu a hawan tudu ba ya talauta mutum. Mu masu sayen ruwan ma da namu laifin, mu ke cewa a yi sauri.

Iyaye kuma, kada ku kunna fim ku tashi ku bar yara da shi. Ku fara dubawa, don ba duk abin da aka ce na iyali ne ya dace da gidanmu ba. Ku zauna tare da su. In yaro ya yi kuka kada ku ce namiji ba ya kuka, wannan taushin zuciya shi ne abin da ake nema, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In an gama ku tambaye shi me ya sa shi kuka, ku bar shi ya faɗa da bakinsa, sannan ku tambaye shi ko ya san wata dabba a unguwar nan da ake yi wa haka.

Ɗan yayata ban buge shi ba ranar. Na karɓi karan, na kama hannunsa kamar yadda aka taɓa kama nawa, na kai shi kusa da mikin har ya ji warinsa. Na ce ya dubi idon jakin da kyau ya gaya mini bambancinsa da na jiya. Ya daɗe bai ce komai ba. Yanzu akwai tsohon bokiti a ƙofar gidanmu, aikinsa ne ya cika shi duk safiya kafin mai ruwa ya iso. Na kuma yi magana da wani dattijo mai barga a unguwarmu, ya yarda ranar jajibirin Sallah in kawo masa yaran tun da asuba, kafin a fito da kayan ado, su taya shi kwashe kashi da zuba harawa.