Taro a bakin teku: me ya kai mu can?

Duk wanda ya taɓa neman izinin zuwa taro a wurin aiki ya san irin murmushin da ake yi masa da zarar an ji sunan garin. A ce Barcelona ko Dubai ko Cape Town, sai abokan aiki su ce, "Kai dai faɗi gaskiya, hutu za ka." Zargin nan ba ya rasa tushe. Masu shirya taro sun san teku na jawo mutane, kuma da gangan suke zaɓen irin waɗannan birane.

Lissafin a fili yake. Garin da ya saba da masu yawon buɗe ido yana da otal-otal da babban filin jirgi da ma'aikatan da suka iya karɓar baƙi. Idan sanyi ya shigo ɗakunan suka zama wayam, taro ne ke cika su. Tun 2006 Barcelona ke karɓar babban taron kamfanonin wayar salula, galibi a watan Fabrairu ko farkon Maris, lokacin da ba mai sha'awar wankan teku, kuma a 2024 sama da mutum 100,000 suka halarta. Wannan kasuwanci ne, 'yan kasuwa ke biyan kuɗinsu, ba ni da ja.

Inda nake da ja shi ne taron da ake yi kan matsalar jama'a, da kuɗin jama'a. A nan ya kamata a tambaya: mece ce alaƙar garin da maganar da za a tattauna?

A Yulin 2000 an kai taron duniya kan cutar kanjamau birnin Durban na Afirka ta Kudu, karo na farko da aka yi shi a ƙasa mai tasowa. Durban na da rairayin bakin teku mai kyau, amma ba shi ya kai mutane ba. Lardin KwaZulu-Natal, inda birnin yake, na cikin wuraren da cutar ta fi yi wa ɓarna a duniya. Likitocin da suka saba rubuta maganin rage kaifin cutar a Turai da Amurka suka iske asibitocin da maganin ya fi ƙarfin marasa lafiya. Yaro ɗan shekara 11, Nkosi Johnson, wanda aka haifa da ƙwayar cutar, ya tsaya gaban dubban mutane ya yi jawabi. Gani ya kori ji. Daga nan maganar tsadar magani ta daina zama ta bayan fage, kuma a 2002 aka kafa asusun Global Fund na yaƙi da kanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro.

Sharm el-Sheikh kuwa, inda Masar ta karɓi taron sauyin yanayi a 2022, garin shaƙatawa ne a bakin Bahar Maliya, nesa da manoman da ruwan gishiri ke cinye wa gonaki a bakin kogin Nilu. Har wurin zanga-zanga keɓe shi aka yi. Gaskiya ne a can aka amince da kafa asusun biyan asarar da ƙasashe matalauta ke yi, amma da an zauna a ko'ina ma za a iya cimma hakan.

Sai dai alaƙa da maganar kaɗai ba ta isa ba. Brazil ta kai taron sauyin yanayi na 2025 birnin Belém don wakilai su ga dajin Amazon da idonsu, niyya mai kyau, amma masauki ya yi kaɗan, kuɗin ɗaki ya yi tashin gwauron zabi, har sai da aka kawo manyan jiragen ruwa biyu aka mayar da su otal. Idan ɗaki ya yi tsada, ba ministoci ke fasa tafiya ba. Ƙananan ma'aikata da ɗalibai masu bincike da wakilan ƙananan ƙasashe ne ke zama a gida, su da suka fi kowa sanin matsalar.

Shi kuma matafiyin yana da nasa alhakin. Leƙa zauren taro a rana ta biyu bayan abincin rana: wata matashiya na gabatar da binciken da ta shafe shekaru tana yi, gabanta kujeru ne jere babu kowa, masu su sun cusa katin wuya a aljihu sun nufi bakin ruwa. Ban ce kada a ga teku ba, yamma na nan, ranar ƙarshe ma na nan. Amma hukumar da ta biya tikiti da biza da alawus tana da haƙƙin ta tambayi wanda ta tura: wa ka gana da shi, wane aiki za mu sauya saboda abin da ka ji? Kuma tun kafin a sa hannu a takardar tafiya, a duba ko sunan da ke kai na mai yin aikin ne, ko kuwa na maigidansa.